Faɗakarwa Ga Mai Son Gina Gidan Haya Da Kuɗin Bashi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Wannan faɗakarwa ce zuwa ga attajirai da fatake da masu rumfa a kasuwa, da kuma malaman da ake kawo wa tambaya a zaure, bisa wani al'amari da ya yawaita a biranen ƙasar nan, watau gina gidaje da shaguna domin a zuba 'yan haya. Ba a ga laifin wanda ya karkata ga wannan ba ko kaɗan. A watan Mayu na 2023 ana canza dalar Amurka ɗaya a wajen naira 460 bisa farashin hukuma, amma kafin watan Fabrairu na 2024 ya fita ta haura naira 1,500. Game da watan Disamba na 2024 kuwa ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar kaya ta hau da kashi 34.8 cikin ɗari a shekara guda. Wanda ya kulle kuɗinsa a akwati cikin waɗannan watanni ya ga yadda gishiri ke narkewa a ruwa. Wanda ya mai da nasa fuloti da bulo kuwa, dukiyarsa na nan tsaye, har ta ƙara daraja.

Inda kuskure ya ke shi ne mutum ya ce, tun da gini alheri ne, bari ya ciwo bashi ya gina, kuɗin haya ya riƙa biya masa. Wannan zance yana da daɗin ji a bakin dillali, amma ba ya jure lissafi. Ɗan kasuwa kuwa ba shi da uzuri in ya ƙi lissafi, domin shi ne sana'arsa tun yana yaron kanti.

A ƙaddara wani mai sayar da atamfa ne a Kantin Kwari. Ya sayi fili a bayan gari, ya gina gida mai sassa huɗu, abin da ya kashe duka, da fili da gini da rijiya, ya tashi naira miliyan 40. A ƙaddara kowane sashe ana kama shi naira 600,000 a shekara. Jimla ke nan naira miliyan 2 da 400,000, watau shida cikin ɗari na abin da ya zuba. To, amma wannan ba shi ne ke shiga aljihunsa ba. Sashe ɗaya zai zauna wata shida ba kowa, tsakanin fitar wani da shigar wani, 300,000 ta tafi. Kwano zai yi yoyo, masai zai cika, famfo zai lalace, fenti zai koɗe, a ware ushirin hayar domin wannan, 240,000. Ga ladan mai kula da gida, ga kuɗin ƙasa na hukuma, a ce 160,000. Abin da ya rage naira miliyan 1 da 700,000. Bisa wannan ma'auni sai gidan ya shekara ashirin da uku da 'yan watanni kafin ya mayar da uwar kuɗinsa. Haya tana hawa, gaskiya ne, amma siminti da rodi da ladan magini su ma ba su zaune wuri ɗaya.

Yanzu a ƙaddara rabin kuɗin nan, miliyan 20, daga banki ya karɓo. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuwa a kan wannan su ke ɗora nasu. Ko da an yi masa sauƙi an ce 28 ne, ruwan kaɗai naira miliyan 5 da 600,000 ne a shekara, ba a taɓa uwar bashi ba. Gidan da ke kawo miliyan 1 da 700,000 yaya zai ɗauki wannan kaya? Sai a koma kanti a riƙa zarar dila ana ciko, har ranar da za a duba rumfa a ga ta yi haske. Daga nan sai takardar lauya, daga ita sai gwanjo. Mutum ya fita neman gida biyu, ya komo ba gida ba rumfa.

Hukuncin kuɗin ruwa ba ɓoyayye ba ne ga masu karanta wannan shafi, ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara sun ishi kowa. Sai dai akwai wani tarko a cikin harshen Hausa wanda ya kamata a lura da shi. Kalma ɗaya ce a baka, riba, ga abin da ɗan kasuwa ya samu a cinikinsa na halal da kuma ga ƙarin da aka hana. Ta farko asalinta ribhu ne a Larabci, mai harafin ha a ƙarshe, ta biyu ba ta da shi. Mai rubutun ajami yana iya rarrabe su da alƙalami, amma a bakin mai tallan bashi sai su zama abu guda, ya ce ai 'yar riba ce kaɗan banki ke ɗorawa. A wannan mas'ala dai shari'a da lissafi bakinsu ɗaya. Wanda tsoron Allah bai tsai da shi ba, to, ya ji tsoron alƙaluman da aka jera a sama.

Wani zai ce ai yanzu akwai bankunan da ba su ta'ammali da ruwa. Haka ne. Babban Banki ya fitar da ƙa'idodinsu a 2011, zamanin da Sanusi Lamido Sanusi ke shugabancinsa. Bankin Jaiz ya buɗe ƙofa a watan Janairu na 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Hanyoyinsu kuma sanannu ne a littattafan fiƙihu. Akwai murabaha, banki ya sayi siminti da rodi da kansa, ya sayar wa mutum da ƙarin da aka ambata, a biya sannu a hankali. Akwai ijara wadda ke ƙarewa da mallaka. Akwai tarayya mai raguwa, banki da mutum su haɗa kuɗi su mallaki gida, mutumin ya riƙa biyan hayar rabon banki yana kuma sayen rabon kaɗan kaɗan har gidan ya zama nasa. Akwai istisna'i, watau a yi cinikin gini tun ba a gina shi ba, bisa siffa da ajali sanannu. Kowane irin banki yana da majalisar malamai masu duba masa waɗannan.

Amma mai karatu ya riƙe wannan: halaccin ciniki daban, arharsa daban. Bankin da ba ya karɓar ruwa shi ma a kasuwa ɗaya ya ke da sauran, tsadar kaya ɗaya ke cin su, masu ajiya a wurinsa suna jiran rabonsu. Saboda haka ƙarin da ya ke ɗorawa ba ya yin nesa da abin da kasuwa ke ciki. Falalar murabaha ita ce farashi in an yanke shi ya yanku, ba ya hawa daga baya. Wannan babban abu ne, amma ba ya mai da shida cikin ɗari ta zama ashirin. Kafin mutum ya sa hannu sai ya tambayi abu ɗaya: jimlar abin da zai biya kowace shekara nawa ne? Ya ajiye ta kusa da hayar da ta rage bayan an cire gyara da watannin da ɗaki ke zama wofi. In ta farko ta fi ta biyu, ya san daga ina cikon zai fito, ya ambaci wurin da sunansa. In amsar ita ce daga jarin kanti, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Game da Asusun Gidaje na Ƙasa wanda aka kafa a 1992, inda ma'aikaci ke zuba biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa, an yi shi ne domin mutum ya sami gidan da zai zauna a ciki. Mai neman gidan haya kada ya sa shi a lissafi.

Shi jarin kanti da aka ambata yana da hakki a tsaya a kansa, domin nan ne mutanen kirki waɗanda ba su taɓa kusantar banki ba su ke faɗawa. Miliyan 20 a hannun mai atamfa, in ta juya sau huɗu a shekara, kowane juyi da ribar biyar cikin ɗari, ta kawo miliyan 4. Ita ɗin ce in aka binne ta a harsashin gini ba ta kawo ko miliyan ɗaya cikakkiya. Kuma atamfa in buƙata ta taso a yini ɗaya a ke karyar da ita a sami kuɗi, gida kuwa sai ya yi wata da watanni a hannun dillalai, masu saye suna jin ƙanshin matsuwa suna taya shi da rabin kuɗinsa. Gida taska ne, wurin ajiye abin da ya yi saura. Amfaninsa na gaskiya shi ne ya tsare dukiya daga faɗuwar naira, ya zama abin da marayu za su dogara a kai bayan ran mai shi. Kangaye nawa ne a gefen kowane birni, an kai su linta an tsaya, ciyawa ta fito a ɗakuna, awaki na kwana ciki? Galibinsu ba rashin niyya ba ne ya tsai da su, jari ne aka cinye kafin a kai ga rufi.

To, da wane kuɗi za a gina? Da rarar da ciniki ya bari bayan an fitar da zakka da abincin iyali na shekara. In ba ta isa gida duka ba, a gina shi gaɓa gaɓa, kuma a fara da abin da zai soma kawo kuɗi. Fili in yana bakin hanya, shaguna biyu ko uku a gaba su ne farko, a rufe su, a sa ƙofa, a ba da haya, abin da suka kawo ya sayi bulon sashen baya. Ɗaki ɗaya mai rufi ya fi goma marasa rufi. Adashi ma hanya ce, ɗauka ɗaya ta sayi kwano, wata ta sayi ƙofofi, ba ruwa ba ƙari.

Sa'an nan akwai tarayya, mai fili da mai kuɗi su haɗu, a ƙiyasta filin da kuɗi tun ranar farko, kowa ya san rabonsa, haya a raba ta bisa wannan rabo, hasara ma haka. Akwai kuma wanda zai karɓi hayar shekara biyu ko uku a gaba ya ƙarasa gini da ita, ko ɗan haya ya ƙarasa shagon da kuɗinsa a riƙa cirewa daga haya. Duk wannan yana yiwuwa in an san adadin kuɗin, an san ajalin, an rubuta, an kafa shaidu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, amma sai a ga Alhazai biyu sun haɗa miliyoyi da musafaha kaɗai, wai kunya ta hana su takarda. Su biyun suna iya ƙarewa lafiya. 'Ya'yansu ne za su tsaya gaban alƙali, kowa da labarin da uwarsa ta ba shi.

Wata al'ada kuma ta daɗe a ƙasar Hausa, ita ce jinginar gida ko gona. Mai buƙata ya karɓi rance, ya miƙa gidansa, mai kuɗi ya zuba 'yan haya yana karɓa shekara da shekaru, ranar fansa kuma a mayar masa da kuɗinsa cif. Wasu suna ɗaukar wannan wata hanya ce ta shiga harkar gidaje da ɗan jari. Malaman Malikiyya sun rarrabe. In bashin na ciniki ne, aka shardanta amfanin jinginar tun wurin ƙulla cinikin, aka yanka masa ajali, sun yarda. In kuwa rance ne tsantsa, hayar nan amfani ce da rance ya jawo, hukuncinta hukuncin kuɗin ruwa, ko da ba banki a tsakani. Mai son kuɓuta sai ya riƙa cire abin da ya karɓa daga uwar bashin.

Bayan kuɗi sai takarda, ita ma tana cin dukiya kamar yadda bashi ke ci. Tun dokar Turawa ta 1910 ƙasar Arewa ke ƙarƙashin hannun Gwamna, dokar Jihar Arewa ta 1962 ta tafi a kan haka, kana dokar ƙasa ta 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, ta game Nijeriya duka. Bisa gare ta ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamnanta. Abin da mutum ke da shi hakkin zama ne, takardar shaidar mallaka kuma galibi shekara 99 a ke rubuta mata. Sayar da irin wannan fili ko jinginar da shi sai da yardar gwamna. A 1989 Kotun Ƙoli, cikin shari'ar bankin Savannah da Ajilo, ta rushe wata jingina ɗungum saboda ba a nemi wannan yarda ba. Gwamna kuma yana da ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada kuwa ta abin da aka gina ko aka shuka ce. Takardar mai unguwa da sa hannun dagaci suna da amfaninsu wajen shaida, amma ba su tsaya matsayin binciken ofishin filaye ba, inda za a ga ko filin na wanda ke sayarwa ne, ko an jinginar da shi, ko hanya ce aka zana a kansa.

Ko takardar hukuma ma sai an duba asalin wurin. A watan Yuni na 2023 gwamnatin Kano ta rushe gine-gine da yawa da ta ce an yi su a filayen jama'a, cikinsu har da shagunan Filin Idi, alhali masu su suna cewa daga gwamnatin da ta gabata suka samu. Babbar Kotun Tarayya ta yanke a biya masu shagunan diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba a nan za a yanke wa ke da gaskiya ba. Abin da ya shafi mai saye shi ne, filin da jiya makaranta ne, ko masallacin idi, ko maƙabarta, ko gindin ganuwa, arharsa ba ta kai haɗarinsa ba.

Gidan gado kuma kada a saye shi daga hannun magaji ɗaya, kome girman rawaninsa, sai an raba, ko dukan magada sun sa hannu, mata da maza, da waliyyin marayu. Wanda ya sayi rabon mutum ɗaya a gidan da ba a raba ba ya sani sauran abokan tarayya suna da hakkin shufu'a, su mayar masa da kuɗinsa su karɓe rabon.

Wajen zaɓen wuri magana kaɗan ce. Haya tana bin ƙafar mutane: kusa da kasuwa, da asibiti, da makarantu irin Jami'ar Bayero ko Samaru ta Zariya, da sito kusa da Dawanau. Fili kuwa a je a gan shi a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama, kada a je da rani. Ruwan da ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022, da ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba na 2024 sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, da gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, sun isa su sa mai gini ya tambayi kamfanonin takaful abin da su ke karɓa a shekara, ya sa shi cikin lissafi.

Saura ɗan haya, wanda shi ne ke biyan kome. Sharaɗin ijara a san kuɗi, a san ajali, a san abin da za a yi a wurin. A rubuta wa ke kwashe masai, wa ke biyan wuta da ruwa, kowane sashe kuma a sa masa mitarsa, domin rabin faɗan gidan haya a kan kuɗin lantarki ne. Ɗan haya amintacce ne a shari'a, ba ya biyan abin da ya tsufa don kansa, sai abin da ya ɓata da ganganci ko sakaci. Mashhurin mazhaba shi ne ba a tilasta mai gida ya yi gyara, amma in ɓarnar ta cuci mazauni yana da zaɓin ya fita. Mai hankali ba ya jiran a kai nan, gama yoyon da dubu goma za ta toshe bana, baɗi silin da katako zai ci.

Fitar da ɗan haya kuma yana da hanya. A dokokin Abuja da Legas, in ba a rubuta wani abu daban ba, mai biyan shekara ana ba shi sanarwar wata shida, mai biyan wata sanarwar wata ɗaya, sa'an nan ta kwana bakwai, sa'an nan kotu. Kowace jiha da tata dokar, sai a tambaya tun kafin rigima. Cire ƙofa, ko kware kwano, ko watsar da kayan mutum a titi gaban matarsa da 'ya'yansa, doka ba ta yarda ba, mutunci bai yarda ba, kuma sau da yawa mai gidan ne ke ƙarewa da biyan diyya. A lura kuma, mai gidan da bashi ya shaƙe shi ne ya fi kowa tsanani ga 'yan haya, domin shi ma ana bin sa. Wanda ya gina da rararsa yana da sararin da zai jinkirta wa ma'aikacin da albashinsa ya makara, kuma irin wannan mazauni, mai biya ko da a makare, mai share gida, ya fi baƙon da zai ƙara dubu hamsin ya bar bango a farfashe.

Mas'alar zakka ita ce malamai suka fi samun tambaya a kanta. Gidan da aka gina domin haya babu zakka a kan ginin kansa, kome darajarsa. Zakka tana kan kuɗin hayar, in an karɓa, ya kai nisabi shi kaɗai ko tare da sauran kuɗin mutum, shekara kuma ta kewayo yana hannu. Fulotin da aka saya da niyyar sayarwa kuwa hajar ciniki ce. Mai ajiye shi yana jiran kasuwa ta yi kyau, wanda fiƙihu ke kira muhtakiri, zai fitar da zakkar shekara ɗaya ranar da ya sayar, ko da filin ya shekara goma a hannunsa. Wanda kuwa saye da sayar da filaye ne cinikinsa na yau da kullum, shi mudiri ne, kowace shekara zai yi musu ƙima ya fitar da rubu'in ushiri, watau biyu da rabi cikin ɗari. Saboda haka ranar da aka biya kuɗin fili, mai saye ya rubuta niyyarsa a littafinsa tare da kwanan wata, na haya ne ko na sayarwa.

Wassalamu.